Turkuɗi Ɗaya Zuwa Ƙasar Abzin

Daga Koki zuwa tasha

Ana idar da sallar asuba na fito daga gidanmu a Koki, jaka a kafaɗa, wani ƙunshi kuma a ƙirjina cikin riga. Watanni kaɗan ke nan da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. Damina ta yi nisa, lungunanmu duk caɓi. Inna ta rako ni har zaure, ta ce, "Nafi'u, ka iya bakinka a ƙasar mutane." Na ce to.

Ya kamata in faɗi abin da ya fitar da ni. Yayana Habu direban babbar mota ne, yana kai kaya daga Kano zuwa arewacin Nijar. Tun kafin ruwa ya sauka, wata rana da almuru ya buge taguwa, wato raƙuma, a kan hanya. Tsoro ya kama shi, bai tsaya ba. A gari na gaba jandarmomi suka tare shi, tun daga ranar yake tsare. Mai motar ya aika wakili ya biya, mai taguwa ya ƙi karɓa, ya kuma ƙi janye ƙara. Labarin da ya iso mana shi ne, idan damina ta wuce ba a sasanta ba za a miƙa shi kotu, daga nan kuma sai gidan yari. Matarsa da 'ya'yansa uku suna gidanmu, kullum ido a ƙofa.

Da yake ni ne na yi jami'a a gidan, na gama bautar ƙasa ina zaune, sai aka ɗora mini maganar. Na rubuta wa ofishin jakadancinmu na can, ban sa rai da amsa ba. Sai ga waya a shagon mai kemis na bakin layinmu. Mai maganar ya ce sunansa Malam Ilyasu, shi ne jami'in da ke kula da 'yan ƙasa. Ya ce ya je ya ga Habu. Ya ce in same shi, shi Malam Ilyasun, a Damagaram, in zo da turkuɗi guda mai kyau, ɗan Kura, wanda ba a kwance ba, kada kuma ruwa ya taɓa shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, lauya fa?" Ya ce, "Turkuɗin dai."

A kasuwar Kurmi muka saya ni da baffana. Baƙin rawani ne da ya sha shuni da bugu har yana walƙiya, a naɗe cikin takarda. Na ƙara masa leda biyu. Shi ne ƙunshin da ke ƙirjina. A jaka kuwa, don kada a sani ba, na sa wata doguwar takardar koke da na kwana uku ina tsarawa da Turanci.

Ɗan acaɓa ya kai ni tashar Ƙofar Ruwa. Kuɗin mota ya ɗan ɗara yadda aka gaya mini, amma ban yi ciniki ba, don ina son kujerar tsakiya, nesa da taga.

Kazaure, Daura, iyaka

Rana na fitowa muka bar Kano a wata tsohuwar fijo. Muna wuce Kazaure hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ashe rufin motar yana yoyo, kuma daidai kaina. Na dunƙule kamar mai ciwon ciki, na rungume ƙunshin, ruwan na sauka a bayana.

Direban ya dube ni ta madubi. "Malam, jariri ne a cikin rigar?"

"A'a, saƙo ne."

"To Allah ya raya saƙo."

Motar duka aka sa dariya. Wata dattijuwa da ke gefena ta yaye mayafinta na roba ta lulluɓa mini, ba ta tambaye ni komai ba. Allah ya saka mata.

Shingayen hanya sun ragu, in ji waɗanda suka saba bin ta, ni dai ba ni da abin gwadawa. A wanda muka tsaya bayan Daura direban ya sauka ya dawo yana tsaki. Wani fasinja ya ce, "Ba an ce dimokuraɗiyya ta zo ba?" Direban ya ce, "Ta zo, amma a ƙasa take takowa. Ba ta iso nan ba tukuna."

A Kwangwalam aka buga mana hatimin fita. A ɓangaren Nijar wani ma'aikacin kwastan ya ga tudu a rigata, ya ce in fito da shi. Na fara bayani mai tsawo, har ina kawo sunan ofishin jakadanci. Bai saurare ni ba, ya ɗaga gefen takardar ya shafa, yatsansa ya yi shuɗi. Sai ya washe baki. "Kai, wannan na manya ne. Aure za ka nema wajen Abzinawa?" Na ce a'a. Ya ce, "To rufe, rufe, kada iska ta ɓata shi." Da hannunsa ya taya ni mayar da ledar.

Damagaram

Bayan la'asar muka shiga Damagaram. Na sami masaukin da aka kwatanta mini, wani ƙaramin gidan baƙi kusa da kasuwa. Ina tsammanin ganin mutum cikin kwat da jakar hannu. Sai na tarar da wani siririn dattijo mai furfura a gemu, da farar riga 'yar shara, zaune a kan tabarma yana cin burodi da shayi tare da direbansa. Da ba don motar mai lambar jakadanci da ke fake a gefe ba, da na wuce shi.

"Ɗan Koki!" in ji shi. "Zauna. Ni ɗan Dala ne, maƙwabta muke. Har yanzu kwatar nan ta bayan masallacinku tana cika idan an yi ruwa?"

Na ce tana nan yadda ya bar ta. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya karɓi turkuɗin, bai kwance ba, ya ɗan jinjina shi, ya sansana, ya ce madalla. Sannan na miƙa masa kokena. Ya sa tabarau ya karanta daga farko har ƙarshe, bai tsallake layi ba, abin da ya faranta mini rai ƙwarai. Ya ce, "Rubutun ya yi kyau, hujjojin ma daidai ne. Idan abin ya kai kotu za mu nema. Amma aikinmu ni da kai shi ne kada ya kai. Ajiye ta a ƙasan jaka."

Muka ci tuwon gero da miyar kuka a wajen wata mai abinci, muka kwanta da wuri. Ban yi barcin kirki ba.

Hanyar arewa

Da sassafe muka kama hanya a motarsa. Bayan Tanut gonaki suka ƙare, sai fili da ciyawa sabuwa, raƙuma na kiwo har bakin kwalta. Direban yana tafiya a hankali. Kowane shinge muka zo, Malam Ilyasu sai ya sauka da kansa, ya gaisa da jandarmomi da Faransanci, ya tambayi iyali. Wani ya san sunan ɗansa, wani ya tuna masa ciwon ƙafarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da wannan lambar ba sai ka sauka ba." Ya ce, "Haka ne. Amma gobe wani direbanmu zai biyo nan ba shi da lamba. Gara su tuna cewa mutumin ƙasarsa ya taɓa saukowa ya gaishe su."

Da na ga yana da sauƙin kai, sai na tambaye shi yadda aikin yake a zamanin soja. Can ya ce ya yi wasu shekarun a wata ƙasar Turai, lokacin da duniya ta juya mana baya. Idan an yi taro akan ajiye su can ƙarshen tebur, wanda kuka sha shayi da shi jiya yau sai ya kau da kai. Wata rana cikin tsananin sanyi masu zanga-zanga suka cika ƙofar ofishinsu.

"Na leƙa ta taga," in ji shi, "rabinsu 'yan ƙasata ne. Kuma wallahi da gaskiyarsu. Ba ni da ikon in fita in ce musu haka, ba kuma zan iya kiran 'yan sanda a kore su ba. Sai na sa aka dafa shayi a babbar tukunya aka fita musu da shi. Suka sha, suka ci gaba da zaginmu."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana. Amma ofishin nasu ne. Gwamnati ce ta aiko ni, ita kuwa ƙasar ta kowa ce, har da mai zagina." Ya gyara hula. "Yanzu dai, alhamdu lillahi, idan na ce 'gwamnatina' a gaban baƙi ba na sunkuyar da kai. Ko zai ɗore, Allah ne masani."

Ban tabbata na kawo kalmominsa daidai ba, amma ma'anar ke nan.

Garin da Habu yake

Ba zan faɗi sunan garin ba, don ban nemi izinin kowa ba. Ƙaramin gari ne a bakin hanya, mun isa gab da magariba. Muka fara zuwa wajen kwamandan jandarma. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ba shi da matsala da Habu, ya ma zama kamar ɗan gida, shi ke gyara musu mota. "Amma maganar ba a hannuna take ba. Tana bakin Alhaji Agali, mai taguwar. Idan ya ce ya yafe, yau ɗin nan na buɗe ƙofa."

Aka fito da Habu. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Yana ganina ya ce, "Boko, kai aka turo? To mun shiga uku." Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Na ce masa yara suna gaishe shi.

A gidan Sarkin Hausawan garin muka kwana. Aka kawo mana fura da cuku, da gasasshen naman akuya.

Zangon Alhaji Agali

Da hantsi muka nufi zangon, yamma da gari. Tun daga nesa Malam Ilyasu ya sa aka tsayar da mota. Ya sa babbar riga fara sol, muka taka a ƙasa. Da muka kusa bukkokin ya tuɓe takalmi, ni ma na tuɓe. Ƙaya ta yi mini aiki, amma ganin bai ɗaga ƙafa ba na daure.

Alhaji Agali dogon tsoho ne, fuskarsa a rufe da rawani sai idanu. Yana jin Hausa sarai. Malam Ilyasu ya karɓi ƙunshin daga hannuna ya ajiye a gefen tabarmarsa. Tsohon bai ko kalle shi ba. Aka shiga gaisuwa. Aka tambayi ruwa, aka tambayi ciyawa, aka tambayi rijiya da lafiyar dabbobi. Aka dafa shayi aka sha, aka sake dafawa. Rana ta take tsaka, ba wanda ya ambaci Habu. Sau biyu ina buɗe baki, Malam Ilyasu yana ɗora hannu a gwiwata ba tare da ya dube ni ba.

Sai bayan azahar tsohon ya ce, "Baƙo, ba don shayina ka taho daga babban birni ba."

"Gaskiya ne, Baba. Ta'aziyyar taguwarka na zo yi."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Sun turo mini wani da jaka. Ya tsaya a kaina da takalmi yana yi mata kuɗi kamar buhun gero. Ka san yadda ta mutu? Ta kwana a bakin kwalta da karyayyen baya tana kuka, ba wanda ya sa mata wuƙa. Da safe yarana suka tarar da ita mushe, ɗanta na tsaye a kanta. Mota takan buge dabba, wannan ƙaddara ce. Da ya tsaya ya yanka ta, ya nemi mai ita, da naman ya shiga gidaje, da ni da kaina zan ba shi ruwa ya sha. Amma ya gudu. Haka kuke yi a ƙasarku?"

Ni dai a raina na fara shirya amsa: duhu ne, tsoro ne, an sha tare direbobi a hanyar. Duk gaskiya ne, kuma duk suna cikin kokena. Malam Ilyasu bai kawo ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ba haka muke yi ba, Baba, amma haka muka yi maka. Motar da ta gudu, lambar ƙasata ce a jikinta, ni kuma ƙasar ce ta aiko ni nan. Ban zo da jaka ba, ban kuma zo in ce bai yi laifi ba. Roƙona ɗaya ne. A nuna mini wurin da ta faɗi, in je in tsaya, tunda ranar ba a tsaya ba."

Na ga 'ya'yan tsohon sun dubi juna. Shi kuwa ya ɗaga hannu, babban ɗansa ya tashi ya shige gaba. Muka bi shi har bakin kwalta. Ƙasusuwan na nan, sun yi fari, ciyawa ta fito ta tsakanin haƙarƙarin. Malam Ilyasu ya tsaya a kansu, ya harɗe hannuwa a baya. Ba inuwa ko ta sanda. Na tsaya a gefensa.

Ban san tsawon lokacin ba, don na ji kunyar duba agogo. Manyan motoci suna wucewa suna watsa mana iska mai zafi, direbobi na leƙowa suna kallon dattijo da babbar riga a tsakiyar fili ba takalmi. Gumi ya jiƙa rigar har ta manne masa. Na raɗa masa, "Ranka ya daɗe, ko a kawo lema daga mota?" Ya ce, "Ita wa ya kawo mata?" Na yi ta tunanin cewa mutumin nan ya zauna da ministoci, bai haɗa komai da mu ba sai ƙasa, kuma ko ya koma ofis ya rubuta cewa abin ya gagara ba wanda zai tuhume shi.

Inuwarmu ta fara tsawo sai ga tsohon da kansa yana tafe da sanda, wani na biye da shi da ƙwaryar nonon raƙumi. Ya miƙa wa Malam Ilyasu. "Sha. Ka tsaya."

Da muka koma zango ya jawo ƙunshin ya kwance. Ya murza gefen turkuɗin da babban yatsa, ya duba shunin da ya kama shi, ya ce, "Ɗan Kura ne." Ya mayar ya naɗe. "Na karɓi gaisuwar ƙasarka. Amma ba ƙasa ce ta riƙe sitiyari ba. A kawo mini shi."

Washegari

Fitar da wanda ake tsare da shi zuwa daji ba ƙaramin abu ba ne. Kwamanda ya yi ta jan gemu. Malam Ilyasu ya ce a ba shi Habu a kan amanarsa, idan ya gudu a kama shi a madadinsa. Kwamanda ya yi dariya ya ce, "Kai ai doka ta hana in kama ka." Ya ce, "To ka rubuta wa shugabannina, wannan ya fi kamu ciwo." Aka ba mu shi da jandarma ɗaya.

A gaban tsohon, Habu ya durƙusa, ya ce, "Baba, na ji ƙarar, na san na buge rai. Tsoro ne ya hana ni tsayawa. Ba ni da hujja. Ka yafe mini."

Tsohon ya juya ga yaransa. Ya sa aka jawo wani ɗan raƙumi siriri, duk ƙafafu, aka kawo nono a ƙwarya da wani tsumma da suke ba shi da shi. Ya ce wa Habu, "Tun ranar matan gidan nan ke tashi da asuba saboda shi. Kai ka mai da shi maraya. Yau kai za ka ba shi."

Habu ya karɓa. Ɗan raƙumin ya ƙi, ya ture shi, ya zubar masa da rabi a wando. Yaran zango suka yi ta ƙyalƙyala dariya. Wata tsohuwa ta daka masa tsawa daga cikin bukka, ta nuna masa yadda zai rungumo wuyan. A karo na uku ya kama tsumman ya fara tsotsa. Habu na riƙe da shi, hawaye na zuba a gemunsa, har ƙwaryar ta ƙare.

Alhaji Agali ya miƙe ya ce a kawo masa takalmansa. A motarmu ya shiga, gidan gaba, har ofishin kwamanda. Abin da ya faɗa a can bai wuce kalma uku ba: "Na yafe masa."

Komowa

Mun kwana a Damagaram. Da safe na ɗauka Malam Ilyasu zai biyo mu, tunda daga nan zuwa Dala wuni ɗaya bai cika ba, ya kuma ce mini ya daɗe rabonsa da gida. Ashe saƙo na jiran sa a masauki: wata 'yar ƙasarmu ta rasu a wani asibiti can yamma, ba a san danginta ba, ana jiran wanda zai tsaya a yi mata sutura. Ya rako mu tasha. Na yi ta kame-kamen kalmar godiya, duk wadda na ɗauko sai in ga ta yi kaɗan. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka iya rubutu, ka kuma iya shiru da aka taɓa gwiwarka. Idan aka buɗe ɗaukar ma'aikata ka nema." Ya juya ga Habu. "Kai kuma, birki na tsakiya ne." Habu ya ce, "Na haddace, ranka ya daɗe."

Mun tsallaka iyaka lafiya, muka yi azahar a Daura, muka shigo Kano ana kiran magariba. Tun daga bakin layi yara suka gan mu suka ruga da ihu. Kafin mu kai zaure gidan ya cika, matar Habu na kuka, 'ya'yansa sun maƙale masa a wuya, maƙwabta na ta barka.

Inna tana bakin murhu, ba ta taso ba. Habu ɗan fari ne, a al'adarmu ba ta kiran sunansa, ba ta kuma sakar masa fuska a gaban mutane. Ya je ya durƙusa a bayanta ya gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, idonta a kan tukunya. Sai ta ce da ni, "Nafi'u, ka ce wa wancan akwai ruwan zafi a banɗaki." Da ya tashi ya ba da baya, ta bi shi da kallo har ya shige, sannan ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Alhaji Agali da ya yafe alhali yana da ikon ƙi, da kwamanda, da Sarkin Hausawa da ya sauke mu. Malam Ilyasu kuwa, ban san inda aiki ya kai shi yanzu ba. Duk ƙasar da yake, Inna tana sa shi a addu'a bayan kowace asuba, shi kam da sunansa.